Daga gammo zuwa rigar cicciɓar kaya

A 1984, ana tsakiyar fari, aka buɗe aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya, Hukumar Abinci da Noma ta Duniya (FAO) na jagoranta, Shirin Abinci na Duniya (PAM) kuma na biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi cin rani, saboda haka mata ne suka fi cika fagen aiki. Su suka yi ta kwasar duwatsun Adar a ka, suna jera su a gangare don tare ruwan sama, har aikin ya miƙa zuwa Buza. Gammo ne kaɗai kariyarsu. Amma gammo kai yake karewa. Ƙugu, wanda ke shan wuya idan an sunkuya za a cicciɓo dutse, ba shi da mataimaki.

Wannan sunkuyon ne injiniyoyi suka daɗe suna nema wa magani. Kamfanin General Electric na Amurka ya fara a 1965 da Hardiman, rigar ƙarfe mai nauyin kilo 680. Ta ƙi sarrafuwa, aka watsar da ita a 1971.

A Japan abin ya kankama, domin tsofaffi sun yi yawa, ɗaga su daga gado kuma yana kashe ƙugun masu jinya. Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba ya ƙera rigar HAL, mai gane motsin da jiki ke shirin yi ta saman fata, ya kafa kamfanin Cyberdyne a 2004. Hiroshi Kobayashi kuwa ya bi hanya mai sauƙi. Muscle Suit ɗinsa na 2019 bai kai kilo 4 ba, ba ya buƙatar batir. A goya shi a baya, a ɗaure a ƙugu da cinyoyi, a buga masa iska da famfon hannu kamar tayar keke. Da mutum ya zo miƙewa sai ya tallafe shi da ƙarfin kusan kilo 25.

Irin wannan ce za ta dace da 'yan dakon Madawa, masu loda albasa a manyan motoci, sai dai ba za ta wadatar ba. Buhun albasa kan haura kilo 100, alhali tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55. Rage buhun yana hannun 'yan kasuwa da hukuma, kuma ya kamata su yi.