Daga Dover zuwa Jibiya: tarihin masu ficewa, daga bakin ɗan Mafaza



Ranar 28 ga Janairun 2024 aka karanta sanarwa iri ɗaya a gidajen talabijin na Yamai da Bamako da Wagadugu, cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO. Mu nan Mafaza, a bakin kogin Rahad cikin jihar Gadarif ta Sudan, lokacin namu yaƙin ne ya sha mana kai, jihar ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani. Duk da haka labarin ya zaga majalisu. Kakanninmu daga can suka taso, Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da Barno, wasu da niyyar Hajji, wasu a sahun hijirar da ta biyo bayan cin Sakkwato da Turawa suka yi a 1903. Maganar rufe hanya ba ta wuce mu haka kawai.

Masu sharhi sun yi ta kwatanta abin da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Bari mu fara da na Turawan, mu ga inda kwatancin ya hau da inda ya kauce.

Birtaniya ta shiga kasuwar Turai ranar 1 ga Janairun 1973, kuma ba ta taɓa daina gunaguni ba. Firaminista David Cameron ya kira ƙuri'ar raba gardama ne don ya rufe bakin masu ƙorafi a jam'iyyarsa, yana ganin shi ke da nasara. Ranar 23 ga Yunin 2016, kashi 51.9 suka ce a fita, 48.1 suka ce a zauna. Da gari ya waye ya fito ya ce zai sauka, fam kuma ya faɗi inda bai taɓa kaiwa ba tun 1985. Theresa May ta karɓa, majalisa ta yi watsi da yarjejeniyarta har sau uku a 2019, na farkon da ratar ƙuri'a 230. Boris Johnson ne ya fitar da su, ƙarfe 11 na daren 31 ga Janairun 2020.

Abin da ya fi ɗaure wa May kai, iyakar Ireland ne. Tsibiri ɗaya ne, kudancinsa ƙasa ce mai cin gashin kanta da ke cikin Tarayyar Turai, arewacinsa na Birtaniya. Tsakaninsu iyaka ce ta kusan kilomita 500 mai mashigai fiye da 200, mutum ya kwana a wannan ɓangare ya yi aiki a wancan, madarar da aka tatsa a arewa a sarrafa ta a kudu. An yi shekara talatin ana zubar da jini a yankin kafin sulhun 1998, kowa kuma ya san kafa shingen kwastan a wurin tono tsohon rikici ne. A lokacin yaƙin neman ƙuri'a kaɗan ne a Ingila suka damu da wannan iyaka. Ƙarshenta sai aka tura binciken kaya cikin teku, wato tsakanin Birtaniya da wani yanki na ƙasarta, har Rishi Sunak ya sake yi wa tsarin kwaskwarima a 2023.

Talakan Ingila bai ji a jikinsa ba sai daga Janairun 2021, da sababbin dokokin suka fara aiki. A watan aka nuna jami'an kwastan na Holan suna karɓe burodi mai nama daga hannun direbobin da suka sauko daga jirgin ruwan Ingila, guzurin mutum na hanya, don an hana shiga da nama. Ƙananan 'yan kasuwa masu aika kifi da cuku ta tashar jiragen ruwan Dover suka tarar da takardu sun fi ribar yawa. A Satumba gidajen mai suka bushe, ba don babu man ba, don babu direbobin tanka, har aka sa sojoji tuƙi. Korona ma tana da hannu a wannan, gaskiya ɗaya ce. Abin mamakin shi ne, ƙasar da ta fice don ta rage baƙi sai ga shi a 2023 baƙin sun kai yawan da ba a taɓa gani ba. 'Yan gabashin Turai sun ragu, 'yan Indiya da 'yan Najeriya suka cika asibitoci da gidajen kula da tsofaffi.

A can ke nan an fara ficewa, wahala ta biyo baya. A Nijar wahalar ce ta riga zuwa.

ECOWAS a Legas aka kafa ta ranar 28 ga Mayun 1975, da ƙoƙarin Yakubu Gowon da Eyadema na Togo, a 1979 kuma ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga ɗaya ya yi kwana 90 ba biza. To amma tsakanin Katsina da Maraɗi ba ita ta buɗe hanya ba. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora su ne suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe sarautar sunanta Sarkin Katsinan Maraɗi. Ingila da Faransa ne suka ja layi a tsakani, suka yi ta gyara shi a takarda daga 1890 zuwa 1906. Layin ya zarce kilomita 1,500, jihohi bakwai na Najeriya ke jingine da shi, daga Kebbi har Barno. Shanu da wake da albasar Galmi su gangaro kudu, mai da kayan masarufi su hau arewa, aure kuwa ba a ma lissafa shi.

Ranar 26 ga Yulin 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, suka rufe iyakoki, suka toshe hada-hadar kuɗi, suka ba sojojin mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a zo da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 na wutar Nijar daga gare ta yake zuwa. Yamai ta koma duhu.

Sojojin da aka nufa da takunkumin suna nan daram. Wanda ya ji jiki shi ne direban da motarsa ta maƙale a Jibiya ko Illela ko Maigatari, mako ya bi mako yana kwana a ƙarƙashin tirela, albasa na ruɓewa a sama, mai kaya na kira a waya. Shinkafa ta yi tsada a Maraɗi, magani ya yi wuya a asibitoci, 'yan dako da masu abinci a bakin iyaka suka rasa na cefane. Hanyar kuma ba ta mutu ba, ta dai koma daji. Babura suka riƙa ratsa gonaki da buhu biyu uku, a Gaya kwale-kwale ya maye gurbin gadar da ke haɗa su da Malanville ta Benin, kowane buhu kuma sai ya biya masu tsaron hanya kafin ya isa kasuwa. Mutanen wurin ba baƙin abin ba ne, don Buhari ma ya rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

Maganar yaƙi kuwa arewacin Najeriya ne ya kashe ta. Majalisar dattawa ta ƙi amincewa da tura soja. Muhammadu Sanusi II ya shiga Yamai ya ga Tiani ranar 9 ga Agusta, bayan tawagar farko ta Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi ta dawo ba ta gan shi ba, sai malamai suka bi baya ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. A ganina a nan ECOWAS ta yi asarar Nijar, don ta ba sojojin abin da ba su da shi ranar juyin mulki: talakan da ke zaune a duhu ya ga wanda ya kashe masa wuta. Ranar 16 ga Satumba ƙasashen uku suka kafa ƙawancen AES. Ko da aka janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, ihu ne bayan hari, an yi kusan wata da sanarwar ficewa. A Maris aka buɗe iyakar Najeriya da Nijar.

Kar kuma a ɗauka na wanke sojojin. Mutanen Birtaniya ko ba komai an tambaye su, sun zaɓa, sun kuma kori gwamnati da ƙuri'a a 2024. Ba wanda ya tambayi ɗan Maraɗi ko ɗan Ƙonni. Mu mutanen Sudan mun san tsadar rabuwa ko da an yi ta da ƙuri'a. Kudu ta tafi ranar 9 ga Yulin 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, aka sake takardun kuɗi, aka toshe fatauci tsakanin ɓangarorin biyu, 'yan Kudu da aka haifa a arewa suka wayi gari baƙi. Manoman riɗi da dawa a Gadarif suka shiga neman masu yankan amfanin gona. Tsadar da ta fara daga nan ce ta fito da mutane titi a Satumbar 2013, ta sake fito da su kan burodi a Disambar 2018.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar ta tabbata, aka fito da fasfon AES. Sai dai ita kanta ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a bar kayansu su wuce kamar da, har sai an sake magana. Nijar ba ta bar sefa ba, ba ta kuma bar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefar ba. A Maris ƙawancen ya sa harajin kashi 0.5 kan kayan da ake shigowa da su daga waje, a watan ne kuma sabon kundin tsarin mulkin sojan Nijar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Iyakar Benin ce Nijar ta ƙi buɗewa, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, da rakiyar soja.

Ranar 19 ga Mayun 2025 firaministan Birtaniya Keir Starmer ya karɓi shugabannin Tarayyar Turai a Landan, suka amince za a sassauta binciken kayan abinci, ya kuma bar wa masuntan Turai ruwan Birtaniya har 2038. Bayan kwana uku, a Bamako, shugaban hukumar ECOWAS Omar Alieu Touray ya zauna da ministocin harkokin wajen ƙasashen uku, kan maganar zirga-zirgar mutane da kaya da kuma tsaro.