Mai Jinya da Maɗori: Nazari kan Kare Masu Karaya da Aka Kwantar a Asibitocin Yankin Aliero

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin rage cutuwar majinyatan da aka kwantar a asibiti, ta taƙaita a kan masu karaya a ƙananan hukumomin Aliero, Jega da Maiyama ta Jihar Kebbi. An dogara ga rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya da rubuce-rubucen likitocin ƙashi. Matsayar maƙalar ita ce, akwai mutum biyu da tsarin asibiti bai rubuta sunansu ko'ina ba, wato mai jinya da maɗori, alhali sau da yawa a hannunsu tsirar gaɓar majinyaci take.

1.0 Gabatarwa

Asibiti wurin neman sauƙi ne, amma a kan kwaso wata cutar a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan majinyaci 1 cikin 10 na cutuwa a yayin da ake yi masa magani. Rahotonta na 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, 15 cikin kowane majinyata 100 da aka kwantar na kamuwa da wata cuta a asibitin, yayin da adadin yake 7 a ƙasashe masu arziki. Irin wannan cutuwa ce ta sa tun a 2019 aka ware 17 ga Satumba ta zama ranar kare majinyata ta duniya. A Nijeriya ma akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da kundin haƙƙoƙin majinyata na 2018.

Sai dai doka a Abuja take, majinyaci kuma yana kan gado a Maiyama.

2.0 Abin da ya bambanta Aliero

Abu biyu suka fitar da sunan Aliero: albasa da ɗori. Daga sassan Nijeriya da maƙwabtan ƙasashe ake kawo masu karaya wurin maɗoran garin, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Ga kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da ta ratsa yankin, ga 'yan kabu-kabu. Wanda ya karye a nan yana da ƙofa biyu, gidan ɗori da asibiti, kuma ba kasafai yake tsayawa a guda ba. Wani daga gidan ɗori ake kai shi asibiti bayan ƙafa ta kumbura. Wani kuwa 'yan uwansa ne ke sa hannu su ɗauke shi daga asibiti da zarar sun ji an ambaci tiyata, ko kuɗinta, ko yanke ƙafa. A tsakanin ƙofofin nan biyu babu takarda, babu waya. Likita bai san ranar da aka ɗaure ba, maɗori bai ga hoton ƙashi ba.

3.0 Inda haɗarin yake

Mafi gaggawa shi ne matsewar ɗauri. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Idan ɗaurin ya matse, ko na karare ne ko simintin asibiti, kumburin ba ya samun wurin tafiya, sai ya danne ƙananan jijiyoyin jini. Cikin kimanin awa shida tsoka ta fara mutuwa. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: azabar da ta ƙi jin magani, wadda ke ƙaruwa idan an miƙar da yatsun, sai yatsun su riƙa mutuwa, su yi sanyi, su canza launi. Abin takaici, wannan azaba ce ake ce wa majinyaci ya daure mata, wai ƙashi ne ke kamawa. Namijin da ya cije ya yi shiru har asuba na iya wayar gari da ƙafar da sai dai a yanke.

To, da ƙarfe biyun dare wa ke kusa da shi? Nas ɗaya na iya riƙe da ɗaki guda, tana sa wa wannan ƙarin ruwa, tana yi wa wancan allura. Wanda ke shimfiɗe da tabarma a gindin gado shi ne mai jinya. Shi ke ba da abinci, ya kai fo, ya je sayo magani, ya juya mara lafiya. Ana mora aikinsa, ba a koya masa komai ba, sai tsawa idan ya tare hanya lokacin zagayen likita. Gyambon kwanciya da ke fitowa a ƙugu da diddige, wanda juya majinyaci duk bayan awa biyu ke hanawa, a hannunsa yake. Haka ƙwayoyin cutar da ke shiga buɗaɗɗen rauni, domin hannun da ya zubar da fo shi ke gyara bandeji.

4.0 Abin da aka gwada a wasu wurare

A 2009 Haynes da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin takardar tantancewa ta tiyata a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya. Mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, ba tare da an sayi wata na'ura ba. Mafi kusa da batunmu shi ne aikin Eshete na 2005 a kudancin Habasha, inda gajeren horon da aka bai wa maɗora ya rage yanke gaɓoɓi sakamakon ruɓewa. Horon bai raba su da sana'arsu ba. Ya nuna musu karayar da za su taɓa da wadda za su tura asibiti.

5.0 Shawarwari

Ya kamata manyan asibitocin Aliero, Jega da Maiyama su mayar da horar da mai jinya wani ɓangare na kwantar da majinyaci: minti goma da Hausa, kan wanke hannu da sabulu, juya mara lafiya da duba yatsu, tare da ba shi izini ƙarara ya tashi nas ko da tsakar dare ne. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega da ke zuwa sanin makamar aiki za su iya ɗaukar wannan nauyi.

Batun maɗora kuwa ya fi ƙarfin asibiti shi kaɗai. Sai Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta bi ta hannun Masarautar Gwandu da hakimai, a zauna da su cikin mutunci, a amince cewa karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙashin baya, da duk gaɓar da ta yi sanyi, asibiti za a wuce da su a ranar, da 'yar takarda mai ɗauke da ranar da aka yi ɗaurin.