Tsoffin Na'urorin Gem: Yadda Suka Iso Agege da Inda Suke Ƙarewa

A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta yi ƙarfi a Amurka da Japan da Turai, ta tara tsoffin na'urorin gem: Atari, Nintendo, Sega, PlayStation ta farko, da kaset-kaset ɗinsu, da kwalayensu, har da 'yar takardar bayanin da ke zuwa a cikin kwali. Akwai masu ɗaki guda cike da su, akwai gidajen tarihi da aka buɗe dominsu, akwai kamfanonin gwanjo da ke sayar da su kamar yadda ake sayar da tsoffin kuɗi da zane-zane. Wani zai ce, to mu a Agege ina ruwan biri da gada? Ruwanmu biyu ne. Duk wanda ya kai shekara talatin da biyar zuwa hamsin a cikinmu, in dai a nan ya tashi, da waɗannan na'urori ya yi ƙuruciya. Sannan yau, idan ɗaya daga cikinsu ta fito daga ƙarƙashin gadon wani gida a Legas, galibi hannun ɗan'uwanmu mai sayen gwangwan take faɗawa, daga nan sai guduma. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin abin tun daga tushe.

Na'urar gem ta farko da aka sayar don a haɗa da talabijin a gida ita ce Magnavox Odyssey, a Amurka, cikin 1972. Wani injiniya, Ralph Baer, ya ƙirƙiro ta. Ba ta da sauti, hoton kuma 'yan ɗigo ne masu haske suna yawo a fuskar talabijin. A wannan shekarar Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari, suka fito da Pong, wasan tanis na sanda biyu da ƙwallo ɗaya. A 1977 sai ga Atari 2600, wadda ta yaɗa dabarar kaset: na'ura ɗaya, amma kana canja wasa ta hanyar zare kaset ka cusa wani.

Kasuwa ta buɗe, kowa ya shigo. Kamfanoni barkatai suka riƙa zubo wasanni marasa kyau, har masu saye suka gaji. Atari da kanta ta yi gaggawar fitar da wasan E.T. a ƙarshen 1982, an haɗa shi cikin kimanin mako biyar kacal don a riski cinikin Kirsimeti, aka buga miliyoyi, da yawa suka yi kwantai. Daga 1983 kasuwar gem ta Amurka ta rushe. A watan Satumba na wannan shekara Atari ta loda kayan da suka rage mata a manyan motoci, ta kai jujin wani gari mai suna Alamogordo a jihar New Mexico, aka binne, aka zuba kankare a kai. Ku riƙe wannan juji a rai, za mu dawo kansa.

Lokacin da Amurka ke binne nata, Japan tana fito da nata. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto tun 1889 yana buga katin karta, ya fitar da Famicom a watan Yuli na 1983, 'yar na'ura mai launin ja da fari. A 1985 ya kai ta Amurka da sabon suna, NES, kuma a shekarar ne Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka fito da Super Mario Bros., wasan ɗan gajeren mutum mai gashin baki da jar hula, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Sega ta biyo baya da Mega Drive a 1988, Nintendo ta ƙara da Game Boy ta riƙewa a hannu a 1989, Sony kuma ta shigo da PlayStation a Disamba 1994, ta bar kaset ta koma faifai.

To yaya aka yi waɗannan kaya suka iso mana? Ta hanyar da firij da fanka da talabijin suka bi. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari talaka, sai kasuwar kayan hannu ta bunƙasa, abin da maƙwabtanmu Yarabawa ke kira tokumbo, mu kuma mu ce Beljiyam. Kwantena ta sauka a Apapa, a buɗe ta a Alaba, dillalai su rarraba zuwa Oshodi da Ikeja da nan Agege, wasu kuma su hau mota zuwa Kano. Na'urar da yaron Landan ko Hambog ya gaji da ita, ita ce sabuwa a wurinmu.

Sai dai a faɗi gaskiya, mafi yawan abin da muka fara sani da sunan Nintendo ba na Nintendo ba ne. Kwaikwayon Famicom ne da masana'antun Taiwan da Sin suka riƙa ƙerawa suna turawa ƙasashen da na asalin ya yi wa tsada. Mutanen Rasha ma da irinsa suka tashi, suna ce masa Dendy. Tare da shi ake samun kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasa 999 ko 9999, ka kunna ka tarar wasa goma ne ko ashirin ake ta maimaitawa da sunaye daban-daban: Mario, Contra, wasan tankar yaƙi, da na harbin agwagwa da bindigar roba. Daga baya har aka yi wata mai siffar PlayStation, an rubuta mata PolyStation, ka ɗaga murfin faifai ka tarar da ramin kaset. Iyaye da yawa sun sayo ta da murna ranar sallah, yara ne suka gane.

Na asalin kuma da nasa rigimar. Wutar Najeriya bolt 230 ce ko kusa da haka, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wanda ya jona na'urar Japan kai tsaye ba tare da ɗan akwatin rage ƙarfin wuta ba, hayaƙi zai gani. Tsarin hoton talabijin ma ya bambanta: namu PAL ne irin na Ingila, na Amurka da Japan NTSC, shi ya sa wata na'urar ke nuna hoto baƙi da fari ko ya riƙa gudu sama. Wannan ya haifar da masu gyara na musamman, waɗanda suka iya canja wutar na'ura, daga baya kuma suka iya dasa wa PlayStation ɗan guntun ƙarfen da ke sa ta karanta faifan kwafi. Ba don wannan dabara ba, da PlayStation ba ta yi arhar da ta yi a Legas ba.

Tun da ba kowane gida ke da halin saye ba, sai aka sami gidan gem: ɗan shago ko rumfar kwano, benci biyu, talabijin mai ƙeya guda uku ko huɗu, da ƙaramin janareta a waje saboda ɗauke wuta. A zamanin Sega, Sonic da Mortal Kombat da Street Fighter ne ke tashe. Da PlayStation ta zo, sai ƙwallo ta cinye komai, musamman Winning Eleven na kamfanin Konami, ga kuma zuciya tana tafasa da zinaren da 'yan wasanmu suka ciyo a Atlanta a 1996. Doka ɗaya ce: wanda aka ci shi zai biya, ya miƙa hannun gem ga na gaba. A kan wannan benci ɗan Zango da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo suke zama kafaɗa da kafaɗa, kuma yara da dama a nan suka goge a Yarabanci da Turancin buroka. Iyaye da malaman Islamiyya ba su so abin ba, kuma suna da hujja: an gudu daga makaranta saboda shi, an taɓa kuɗin cefane, wasu wuraren ma caca ta shiga. Duk wannan yana cikin tarihin, ba za a cire ba.

Abin da ya kashe gidan gem irin na da ba faɗan iyaye ba ne. Wayar salula ta shigo a 2001, wasan maciji na Nokia ya shiga aljihun kowa, Sega ta daina ƙera na'ura a wannan shekarar, PlayStation 2 da masu biye mata suka ture na baya, talabijin mai ƙeya ya ba faffaɗa wuri. Tsoffin na'urori suka koma saman sif da bayan ɗaki, daga nan sai bola.

A can ƙasashen da suka fito kuwa, yaran 1985 sun girma sun yi kuɗi, suka shiga neman abin da suka yi wasa da shi, kasuwar eBay ta intanet kuma ta haɗa mai nema da mai sayarwa. A ranar 26 ga Afrilu 2014 aka kai motar haƙa jujin Alamogordo, jama'a na kallo, aka tono kaset kimanin 1,300 cikin ƙasa da datti. Hukumar garin ta yi gwanjon kusan 900 daga ciki, ta sami fiye da dala 100,000, ɗaya kuma aka kai gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Akwai kuma wata na'urar gwaji da Nintendo da Sony suka haɗa tare kafin su ɓata a 1991. Wani mutum ya same ta cikin tarkacen wani kamfani da ya karye, ya sayi tarkacen duka a kan dala 75. A Maris 2020 aka sayar da ita dala 360,000. A Yuli 2021 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da kaset ɗin Super Mario 64 guda ɗaya a kan dala miliyan 1.56, wata guda bayan haka wani na Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2.

Kafin wani ya tashi ya hau binciken ɗakin tsohuwarsa, a tsaya tukuna. Waɗancan kaset na miliyoyi ba a taɓa buɗe su ba, suna cikin ledarsu ta masana'anta, kuma bayan zazzaɓin 2021 farashin irinsu ya sauko sosai. Abin da ke sa tsada shi ne ƙarancin abu da lafiyarsa. Kaset ɗin zinare na gasar Nintendo ta 1990, alal misali, guda 26 kawai aka yi. Mario da aka buga miliyan 40, wanda ya sha hannun yara da ƙurar Legas, kuɗinsa kaɗan ne, na kwaikwayo kuma bai kai haka ba. Duk da haka Mega Drive ko Game Boy ta asali mai aiki, da hannunta da wayoyinta, ta fi abin da sikeli zai ba da nesa ba kusa ba, kuma ko a nan Legas akwai masu nema.

Akwai kuma abin da ya wuce kuɗi. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Wanda ke son ganinsu sai ya nemi tsohon kwafi. Shi ya sa gidajen tarihi irin su The Strong a Rochester ta jihar New York da gidan tarihin wasannin kwamfuta na Balin suke tara su. Su suna adana tarihin masu ƙerawa. Tarihin masu karɓa, irinmu, babu mai adana shi: kaset mai 9999, na'urar da mai gyaran Oshodi ya canja wa wuta, allon katakon da aka rubuta farashin wasa da alli. Waɗannan ba za a same su a Rochester ba.

Su kuwa kullum ƙarewa suke. Tun 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ƙiyasta kwantena 500 na tsoffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, da yawansu matattu. Ƙarshen irin wannan kaya, da na gidajen mutane, yana hannun 'yan'uwanmu masu tura baro da masu runfunan gwangwan, daga nan unguwa har jujin Olusosun na Ojota. Sana'a ce ta halak mai ciyar da gidaje a nan da can Arewa. Amma a wurin sikeli na'urar gem roba ce da ɗan fanel da 'yar wayar jan ƙarfe, ba ta kai kilo biyu ba. Minti ɗaya ya isa a farfasa abin da ya yi shekara talatin yana jira.

Shawararmu ga masu wannan sana'a da masu tsohon kaya a gida mai sauƙi ce. In ka ga an rubuta Nintendo, Sega, Atari ko Sony a jiki, ajiye ta gefe kafin ka ɗaga guduma, ka nuna wa wanda ya sani. Kada ka jona ta sai ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta a ƙasanta. Cire batir daga Game Boy, domin ruwansa na cin ƙarfe. Kada a hura kaset da baki kamar yadda muka saba, danshin numfashi tsatsa yake jawowa. Ɗan auduga da sifirit ya wadatar. Kwali da takarda kada a yar, wani lokaci sun fi na'urar daraja. A raba su da rana da laima. In akwai talabijin mai ƙeya da ke aiki, a bar guda, don bindigar harbin agwagwa ba ta aiki da faffaɗan talabijin na yanzu.

Ƙungiyoyin matasanmu kuma za su iya ware kabad ɗaya a ofishinsu, a tara abin da ya saura, a rubuta wa kowanne shekarar da aka saye shi da kasuwar da aka samo shi da gidan gem ɗin da ya yi aiki. Waɗanda suka riƙe waɗannan shaguna da yawansu suna raye, sun zama dattawa, wasu sun koma gida. A je a tambaye su tun suna iya tunawa.