Tarihin Siffar Kon: Daga Girka Zuwa Bagadaza

Siffar da masana lissafi ke kira kon ba baƙuwa ba ce a idon Bahaushe. Ita ce ta jinkar ɗaki da malfa da mazurari: gindi da'ira, jiki yana tsukewa har ya ƙare a tsini guda. Kantun gishirin Bilma ma danginta ne, sai dai kansa a datse yake. Sunan ya samo asali daga kalmar Girkanci "konos", Larabawa kuwa suna ce mata "makhruɗ".

Tambayar da ta fara damun magabata ita ce yawan abin da cikinta ke ɗauka. Dimokuridis, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce idan kon da ganga suka yi daidai a faɗin gindi da tsayi, to kon yana ɗaukar sulusin abin da gangar ke ɗauka. Ya faɗi gaskiya, amma bai kawo hujja ba. Yudoksas ne ya kafa hujjar daga baya, kuma ita ce ta shiga littafi na 12 na Uƙlidis.

Shi dai Dimokuridis ya bar wata tambaya da ta fi wannan wuya. A yanka kon a kwance, daidai da gindinsa, a duba fuskoki biyun da wuƙa ta raba. Girmansu ɗaya ne, ko ɗaya ta fi ɗaya? Idan sun bambanta, ashe jikin kon ba sumul yake ba, hawa-hawa ne kamar matakala. Idan kuwa daidai suke, to kowane yanki daidai yake da na samansa, kon ya zama ganga ke nan, tsini kuma ba zai taɓa samuwa ba. Tambayar ta yi kama da wasa ƙwaƙwalwa, amma a cikinta akwai matsalar abu mai ƙanƙantar da ba ta da iyaka, wadda ba a daidaita lissafinta sosai ba sai bayan shekara kusan 2,000.

Yankan karkace ya fi ba da amfani. Wajen shekara ta 350 kafin Miladiyya Menakmus ya lura da layukan da ke fitowa idan aka yanka kon. Bayansa Abuloniyus, mutumin Farga da ke ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta littattafai 8 a kan batun, wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya. Ya nuna cewa kon ɗaya ya isa: a karkata wuƙar kaɗan, a sami da'ira miƙaƙƙiya, wato elifs, a ƙara karkatawa har ta yi daidai da gangaren jikin, a sami farabola, a wuce nan, a sami haifabola. Shi ne ya raɗa musu waɗannan sunaye.

Saura ƙiris aikin ya salwanta. Littattafai 4 na farko kaɗai suka tsira da Girkanci, albarkacin wani malami, Yutosiyus, da ya yi musu sharhi a ƙarni na 6. A ƙarni na 9 Banu Musa, ƴan'uwa uku masana lissafi a Bagadaza, suka sami kwafi mai littattafai 7, amma kurakuran masu kwafa sun dagula shi har ba ya fahimtuwa. Ɗayansu, Ahmad, ya ci karo da kwafin Yutosiyus a Sham, da shi ne suka gane bakin zaren. Hilal al-Himsi ya fassara na 1 zuwa na 4, Sabit ibn Ƙurra ya fassara na 5 zuwa na 7. Waɗannan ukun, da na 5 ɗin da masana ke ganin ya fi duka zurfi, ta Larabci kawai suka iso ga duniya. Na 8 ya ɓata. Ibn al-Haisam ya yi ƙoƙarin sake gina shi daga abin da sauran suka nuna.

Malaman Musulunci ba adanawa kawai suka yi ba. Umar Khayyam, a ƙarni na 11, ya yi amfani da mahaɗar waɗannan layuka wajen warware matsalolin aljabara masu daraja ta uku.

A 1609 Kepler ya bayyana cewa duniyar Mirriku tana kewaya rana a kan elifs, ba a kan da'ira ba, layin da Abuloniyus ya yi nazarinsa ƙarni 18 kafin nan ba tare da tunanin taurari ba. Edmond Halley, masanin taurari na Ingila, sai da ya koyi Larabci don karanta ayyukan Abuloniyus, ya kuma buga littattafan a Oksfod a 1710. Tauraro mai wutsiyar da ke ɗauke da sunansa a kan doguwar elifs yake tafiya, ya kuma sake bayyana a ƙarshen 1758 kamar yadda ya lissafa, shekara 16 bayan rasuwarsa.