Motar Oba-Oba a Hamadar Libiya: Yadda Ƙaramar Rediyo Ta Riƙa Kai Saƙo Alƙahira a Yaƙin Hitila



Kusan kowa a cikinmu ya san oba-oba a hannun 'yan sanda, da 'yan banga, da masu gadin kasuwa. Mutum ya danna ya yi magana, ya saki ya saurara. In ya ɗan yi nisa, ko ya shiga bayan dogon gini, sai magana ta yanke. Tarihinmu na yau na wasu sojoji ne da suka ɗauki rediyo mai aikawa da karɓa, wadda aka ƙera don nisan da bai wuce kilomita 32 ba, wato bai kai daga Kano zuwa Wudil ba, suka ɗaura ta a mota, suka kutsa da ita tsakiyar hamadar Libiya, suka riƙa aika saƙo daga nisan ɗaruruwan kilomita. Wani ɓangaren labarin ya biyo ta ƙasar Cadi, da kuma Murzuk, garin da fataken Kano da Barno suka daɗe da sani a hanyar Tarabulus.

Wanda ya ƙirƙiro rundunar sunansa Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila. A sashen sigina ya yi aiki, wato masu kula da waya da rediyo, kuma wannan shi ne mabuɗin labarin. Tun a shekarun 1920 da 1930, idan ya samu hutu, shi da abokansa sukan ɗauki motocin Ford su shiga hamadar da ke yamma da kogin Nilu, inda ake cewa mota ba ta shiga. A can suka koyi rage iskar taya kafin hawa tudun rairayi, da shimfiɗa ƙarfe a ƙarƙashin taya idan mota ta kafe. Suka haɗa tiyo daga lagireto zuwa wani gwangwani, tururin da zai tafi a banza ya koma ruwa. Bagnold ya kuma gyara wani kamfas mai aiki da inuwar rana, domin ƙarfen mota yana rikita kamfas na maganaɗisu.

Italiya, wadda ke mulkin Libiya a lokacin, ta shiga yaƙi a ranar 10 ga Yuni, 1940. Kafin watan ya ƙare Bagnold ya shawo kan Janar Wavell, babban kwamandan Ingila a Alƙahira, cewa ana buƙatar 'yan tsirarun mutane da za su shiga bayan abokan gaba ta hamada su gano abin da ake ƙullawa. Haka aka kafa rundunar da daga baya aka sani da Long Range Desert Group, ko LRDG a taƙaice. Sojojin farko da suka shiga 'yan ƙasar Niyu Zilan ne, da yawansu manoma da suka saba gyara inji da hannunsu. Rundunar ba ta taɓa wuce mutum 350 ba a duk zamanta na hamada.

Motocinsu na farko Chevrolet ne masu ɗaukar tan ɗaya da rabi. Abin mamaki, ba masu jan taya huɗu ba ne. Bagnold ya fi son masu jan taya biyu saboda sun fi sauƙin nauyi, sun fi ƙarancin shan mai, kuma a hamada man da ka ɗauka shi ne iyakar tafiyarka. Aka cire musu ƙofofi da rufi da gilashin gaba, aka ƙara musu ƙarfin sifirin, aka loda mai da ruwa da abinci na makonni.

To amma ina amfanin ganin abokin gaba idan sai ka yi tafiyar kwana goma kafin ka faɗa? Shi ya sa kowace tawaga take da mota guda ta rediyo, kuma in aka duba da kyau, sauran motocin rakiya suke yi mata.

Rediyon da aka ba su ita ce ta soja mai lamba 11. Ba wata ta musamman ba ce, da ma akwai ta a rumbun soja, kuma ƙarfin da take fitarwa bai kai wat biyar ba, ƙasa da na ƙaramin ƙwan lantarki. Irin ta da ce, mai kwalabe a ciki, ga nauyi, ga gudun jijjiga da ƙura, abubuwa biyun da hamada ta fi wadata da su. Don haka ba a jefa ta bayan mota tare da jarkoki ba. An gina mata akwati na musamman a jikin bodin motar, ta gefe, inda mai aiki da ita zai same ta ba tare da an sauke kaya ba. Aka ƙara wa motar batura, domin rediyon na cin wuta, kuma wanda ya shanye batirin tayar da mota a wurin da babu wanda zai tura shi ya san abin da ya jawo wa kansa. Akasari sai an tsaya ake aiki da ita. Duk wanda ya taɓa kunna rediyo kusa da inji mai fulogi ya san irin ƙarar da ke shiga.

Inda dabarar take shi ne eriya, kuma a nan nake so mu ɗan dakata.

Rediyo mai lamba 11 tana aiki ne a gajeren zango, tsakanin megahaz 4.2 da 7.5. Wannan ya haɗa da mita 49 da mita 41, inda iyayenmu ke murɗa akwati su kamo Kaduna da Landan. Waɗanda suka ƙera ta sun yi lissafi ne da muryar da ke bin doron ƙasa, wadda ke mutuwa bayan 'yan kilomitoci. Amma gajeren zango yana da wata hanya ta biyu. Can sama akwai wani rufi na iska da hasken rana ke caja shi, kuma idan igiyar rediyo ta doke shi sai ta lanƙwaso ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Ta haka mutumin Agege yake jin tashar da ke wata nahiya. Bagnold da ma'aikatansa na sigina sun san wannan, sai suka gina aikinsu a kai.

Eriya iri biyu suke da ita. Akwai ta sanda a jikin motar, wadda idan aka haɗa ta da waya takan kai saƙo har kilomita 800, kusan nisan Legas zuwa Kano in an miƙe layi. Idan nisan ya wuce haka sai a sauko da dogayen sanduna biyu na katako da ke ɗaure a gefen motar, kowace tsawonta ya ɗan wuce mita 5, a kafa su, a ɗaura waya a tsakaninsu. Ana kiran wannan tsari Windom. Ba kowace waya ce za ka miƙa kawai ba, dole tsawonta ya dace da zangon da za a yi magana a kai, kimanin rabin tsawon igiyar. A megahaz 5 wayar za ta kai wajen mita 30, a megahaz 7.5 kuwa wajen mita 20. Ga shi kuma rufin nan na sama yana canzawa, zangon da ya yi aiki da rana ba lallai ya yi da dare ba. Saboda haka mai rediyo kullum cikin awo da lissafi yake. Kafa Windom na cin lokaci, ba a yin sa sai inda aka tabbata babu mai lekowa.

Sannan ba sa magana da baki. Duk saƙonsu da harshen Mos ne, irin ƙwanƙwasar tangaraho, gajere da dogo. Murya idan ta yi rauni sai ta narke cikin hayaniya, amma kunnen da ya ƙware yana tsinto ɗan ƙaramin kukan Mos ko da ya kusa ɓacewa. A ganina a nan ne rabin nisan ya fito: daga kunnen mutumin da ke ɗaya gefen.

Ku ɗan kwatanta rayuwar mai rediyon. An wuni ana tura mota a rairayi. Da yamma an yada zango, kowa ya nufi shayi da abinci, shi kuwa yanzu aikinsa ya fara. Zai kafa sanduna, ya mayar da rahoton kwamanda zuwa lambobin sirri, ya jira lokacin da aka ajiye masa, ya aika, ya karɓi amsa, ya warware ta. Sanyin dare a hamada na ƙandarar da yatsa, da yatsan kuma ake ƙwanƙwasawa. Idan rediyo ta lalace, shi ne makanikenta. Waɗannan mutane daga rundunar sigina aka zaɓo su, kuma sau ƙalilan ƙwarai aka samu tawagar da ta kasa magana da hedikwata saboda lalacewar rediyo.

Akwai rediyo ta biyu a motar, ƙirar Philips, irin ta farar hula, mai karɓa kawai. Ba don kiɗa aka ɗauko ta ba, ko da yake sukan saurari BBC da ita. Aikinta kamo siginar lokaci ta agogon GMT, wanda masu sauraron sashen Hausa suka saba ji ana ambata. Taswirar tsakiyar Libiya a lokacin kusan farar takarda ce. Mai duba hanya yakan auna tsayin taurari da dare da na'urar safiyo don ya san inda suke, kuma lissafin ba ya fita sai da agogo mai gaskiya. Kuskuren daƙiƙa 4 kacal yana kautar da mutum fiye da kilomita ɗaya da rabi gabas ko yamma. Wanda ke neman rijiya guda ko jarkokin man da aka binne, wannan kuskure ya ishe shi halaka.

Rediyon kuma tana iya tona asirin mai ita. Italiyawa da Jamusawa suna da masu sauraro da na'urorin gano inda sigina ke fitowa, ga jiragen sama masu bin sawun taya. Don haka saƙo gajere ne, a lokacin da aka tsara. Tsakanin mota da mota kuwa, idan ana tafiya, tuta da hannu ake amfani da su.

Yanzu mu zo kusa da gida. A ranar 26 ga Agusta, 1940, gwamnan Cadi Félix Éboué ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, Cadi ta zama sansanin Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Hitila. A ƙarshen Disamba tawagogi biyu na LRDG ƙarƙashin Manjo Pat Clayton suka bar Alƙahira, suka ratsa hamada har gefen duwatsun Tibesti, suka haɗu da 'yan sojojin Faransa daga Cadi ƙarƙashin Laftanar Kanar d'Ornano. A ranar 11 ga Janairu, 1941, suka faɗa wa Murzuk, wadda ko a miƙe ta fi kilomita 1,500 daga Alƙahira. Suka ƙone jiragen sama uku na Italiya a filin jirgin garin. A nan aka kashe d'Ornano.

Ƙarshen watan bai yi musu daɗi ba. A ranar 31 ga Janairu, a wani dutse da ake kira Jabal Sharif, kudu da Kufra, rundunar hamada ta Italiya tare da jiragenta ta rutsa tawagar Clayton. Aka ƙone motoci uku, aka kama Clayton. Sauran suka janye kudu, suna zaton duk wanda ba ya cikin mota ya mutu ko an kama shi. Alhali mutum huɗu na ɓoye cikin duwatsu: Moore, Easton, Winchester da Tighe. Rediyo ta tafi da mota. Ba su da hanyar cewa ga mu nan. Da ɗan ruwa a gwangwani guda suka bi sawun tayoyin 'yan uwansu da ƙafa. Tighe ya gaza a hanya, sojojin Faransa suka tsince shi da rai a wajen rijiyar Sarra. Easton, wanda ke da rauni a maƙogwaro, an same shi amma bai rayu ba. Winchester ya tsira. Moore kuwa a kwana na goma aka cim masa yana tafiya, bayan ya yi fiye da kilomita 300.

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga kudancin Nijar, bayan motocinsu sun lalace. Allah ya jiƙansu.

Kanar Leclerc ya ci gaba da shirin da aka fara. Da mutum wajen 400, mafi yawansu sojojin Afirka daga Cadi, da igwa guda, ya karɓi Kufra a ranar 1 ga Maris, 1941. Daga baya garin ya zama ɗaya daga sansanonin LRDG.

Aikin da motar rediyo ta fi nuna amfaninta ba na harbi ba ne. Daga 2 ga Maris zuwa 21 ga Yuli, 1942, rundunar ta sa ido dare da rana a kan titin bakin teku da ya haɗa Tarabulus da Bangazi, wanda ta nan kayan yaƙin Rommel ke wucewa. Za a ɓoye motoci a wani kwari 'yan kilomitoci daga titin. Kafin asuba mutum biyu su lallaɓa su kwanta a cikin ƙananan ciyayi, 'yan ɗaruruwan mita daga kwalta, su wuni ba motsi suna rubuta duk abin da ya wuce: tankoki nawa, manyan motoci nawa, ina suka nufa. Idan an ga tankoki ko taron sojoji, mai rediyo zai aika nan take zuwa hedikwatarsu a Siwa, nisan kusan kilomita 700, daga can a miƙa Alƙahira. Kafin ayarin ya isa fagen daga, an riga an san da zuwansa. Tawaga ɗaya na kan aiki, ɗaya na hanyar zuwa karɓarta, ɗaya na hanyar komawa.

A ƙarshen 1942 Leclerc ya sake tasowa daga Cadi, wannan karon don ya ci yankin Fazzan gaba ɗaya. Aka haɗa shi da wata tawagar LRDG da motar rediyonta, ta zama hanyar maganarsa da Runduna ta Takwas ta Ingila da ke tafe ta bakin teku. Ingilishi suka shiga Tarabulus a ranar 23 ga Janairu, 1943, mutanen Cadi suka iso bayansu da 'yan kwanaki.