Majami'ar da ba ta da mai shaida

Ni malamin tarihi ne a nan Madarumfa, kuma Musulmi ne. A bara na ba ɗalibaina aikin hutu: kowa ya rubuto tarihin wani wuri na garinsu. Yawancinsu tafki suka zaɓa, ko kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Wata yarinya Kirista ta kawo mini shafi shida a kan majami'arsu, wadda masu ibada a cikinta ba su cika ɗari ba. Ta ce tana son sa shi a Wikipedia, tunda duk wanda ya nemi sunan ikilisiyarsu a waya ba ya ganin komai. Na ce mata mu fara zama mu duba ko zai tsaya.

Wikipedia ta fara aiki a 2001, kuma kowa na iya rubutu a cikinta, amma tana da ƙa'idar da ake kira cancanta. Kafin abu ya sami shafin kansa, sai an nuna cewa wasu majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da shi, sun yi rubutu mai tsawo a kansa. Ambaton suna a layi ɗaya bai isa ba, haka ma abin da mutum ya rubuta game da kansa, balle abin da kaka ta faɗa da baki. A sashen Turanci, idan wani ya yi shakkar shafi sai ya kai shi zauren muhawara, a kwana bakwai ana ja-in-ja, sannan a bar shi, ko a goge, ko a cusa shi cikin wani shafi da ya fi shi girma. Ƙananan ɗarikun Kirista na yawan faɗawa wannan zaure, daga Amurka har Koriya, domin sau da yawa abin da ake da shi a kansu bai wuce shafinsu na intanet da wani jerin adireshi ba.

Don a gane matsalar yarinyar nan sai an koma baya. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta samo asali a 1893, ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ta kafa tasha a Tsibiri, daga baya Maraɗi. Da Hausa suka yi wa'azi, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Sun buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na masu ciwon kuturta a Danja, nan kusa da mu a kan hanyar Ɗan Isa, inda a 2012 aka ƙara sashen mata masu yoyon fitsari. A farkon shekarun mulkin kai, mabiya ƴan ƙasa suka kafa ikilisiyarsu, wadda aka sani da EERN. Wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 ta rabu, aka sami UEEPN da kuma Salama. Bayan haka majami'un Fentikos suka yawaita. Duk a haɗe, Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'a ba a ƙidayar 2012.

To, wa ya rubuta wannan tarihi? Na farko ƴan mishan ɗin kansu, a wasiƙu da rahotannin da suke aika wa masu ba su kuɗi, kuma takardun suna ajiye a Amurka. Na biyu Turawan Faransa, waɗanda ba su taɓa sakin jiki da masu wa'azi da ke jin Turancin Ingila ba, suka riƙa sa musu ido suna rubutawa. Nasu takardun suna Yamai da Dakar da Faransa. Na farkon ba masu zaman kansu ba ne, na biyun kuma ɗanyen kaya ne da ƙa'idar ba ta yarda mai rubutu ya fassara da kansa ba. Abin da ya rage mai ƙwari shi ne littafin Barbara Cooper, malamar tarihi a jami'ar Rutgers, wanda ya fito a 2006 a kan Kiristocin bishara na yankin Maraɗi. Ta karanta takardun mishan, ta kuma zauna da tsofaffi ta saurare su, har ta nuna yadda aka daɗe ana takun saƙa tsakanin mishan da mabiyanta a kan karatun boko, wanda iyaye ke so wa ƴaƴansu mishan kuwa tana jan ƙafa. Littafi ne mai kyau, sai dai ɗaya ne, da Turanci yake, kuma an rufe shi shekara ashirin da suka wuce. Majami'ar da ba ta shiga cikinsa ba ta zama marainiya.

Akwai wata majiya ta uku, kuma ita ce ta fi damuna. Jaridun duniya suna zuwa nan idan wuta ta tashi. A Nuwamba 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an kai wa majami'ar Vie Abondante hari a Maraɗi. A Janairu 2015, bayan zanen Charlie Hebdo, an ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai. A Yuni 2019 an cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi. Waɗannan duk suna da majiyoyi masu zaman kansu, har da hotuna. Shekara sittin na aure da suna da jana'iza, da maƙwabci Musulmi da ke aiko da naman layya a mayar masa da shinkafar Kirsimeti, babu ɗan jaridar da ya hau jirgi don su. Yaron da zai karanta tarihin maƙwabtansa ta wayar hannu zai ɗauka ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu sai fetur da ashana.

Na ga ana cewa ƙa'idar zalunci ce ga Afirka, kuma akwai ƙamshin gaskiya. A 2007 Jimmy Wales, ɗaya daga waɗanda suka kafa Wikipedia, ya buɗe shafi a kan wani gidan gasa nama mai suna Mzoli's a kusa da Cape Town, aka goge shi cikin minti 22. An mayar da shi bayan hayaniya, amma ba kowa ne Jimmy Wales ba. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya gwada sa hirar baki a matsayin madogara a Indiya da Afirka ta Kudu, abin bai zama doka ba. Mu duba nan gida ma. Labarin waliyyai 99 daga bakin tsofaffi ya fito. Da gwamnati ta rubuta shi ta miƙa wa UNESCO a 2006, sai ya zama abin dogaro, alhali ko harafi ba a ƙara masa ba, hatimi kawai ya samu.

Duk da haka ban goyi bayan a zubar da ƙa'idar ba, kuma aikin ɗalibata ne ya tabbatar mini. Mun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mu ne kuma muka ce yabon kai jahilci. Da na tambaye ta dalilin da ya sa majami'arsu ta fita daga uwarta, ta ce dattijonsu ya ce saboda gaskiya ne. Na tura ta wurin wani dattijo na ɗaya ɓangaren. Ta dawo tana mamaki: shi cewa ya yi rigimar shugabanci ce da filin gini. Ko shekarar rabuwar ba su daidaita a kanta ba, tsakaninsu akwai shekara biyu. Da an bar kowa ya sa nasa, da shafin ya zama fagen dambe, mai data da yawa shi ne da nasara. Mu Musulmi ma kada mu yi dariya. A ce yau kowane masallacin Juma'a da ya rabu da wani zai rubuta dalilinsa da kansa, mun san abin da za a karanta.

Saboda haka ba mu buɗe shafin ba. Ta koma ta ɗauki muryar dattawan biyu da waya, kowa da ranar hira da wurin da aka yi ta. Ta ɗauki hoton littafin baftisma, wanda gara ta riga ta cinye shafukansa na farko, da takardar izinin da hukuma ta ba su. Ta rubuta labarin da ruwayoyin biyu gefe da gefe, ba ta yanke hukunci ba. Kwafi ɗaya yana majami'a, ɗaya yana hannuna, na uku na ba wani tsohon ɗalibina da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko zai ja hankalin wani malaminsu ya bincika ya buga. Ɗaya daga dattawan biyu ya rasu da damina, wata huɗu bayan hirar.