Fentin Auna Matsin Iska: Yadda Yake Aiki da Dalilin Ƙara Masa Sauri

Duk wanda ya taɓa ganin guguwar farkon damina ta yaye kwanon rufi a Talata Mafara ko Maradun ya ga aikin bambancin matsin iska: idan matsin da ke saman rufi ya gaza na ƙarƙashinsa, sai kwanon ya tashi. Irin wannan bambancin ne ke ɗaga jirgin sama, shi ya sa injiniyoyi ba sa amincewa da fiffike sai sun auna matsin da ke kansa.

A da, ana huda ƙananan ramuka a jikin samfurin jirgi, a haɗa kowanne da siririn bututu zuwa na'urar awo, sannan a hura masa iska a zauren gwaji. Aikin na da tsada, kuma ba ya nuna abin da ke faruwa tsakanin rami da rami.

Fentin auna matsi ya rage wannan matsala. Yana ɗauke da sinadari, galibi mai filatinam ko ruteniyam a cikinsa, wanda ke ƙyalli idan aka haska shi da shuɗin haske. Iskar oksijin kuwa, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, tana dusashe ƙyallin. Inda matsi ya yi yawa, oksijin mai yawa ke shiga fentin, sai wurin ya dushe. Inda ya ragu, sai ya yi haske. Ana ɗaukar hoto kafin a kunna iska da kuma lokacin da take kaɗawa, kwamfuta ta kwatanta su ta fitar da taswirar matsin jikin samfurin baki ɗaya. Cibiyar TsAGI ta Tarayyar Sobiyet ta soma wannan aiki a shekarun 1980, daga bisani Jami'ar Washington da cibiyar Ames ta hukumar NASA a Amurka suka bi sahu.

Sai dai fentin farko yana da nawa. Sinadarin na cikin wani irin danƙo ne da oksijin ke ratsawa a hankali, har ya ɗauki kusan daƙiƙa guda kafin ya amsa, alhali matsin da ke jijjiga roka ko farfelar injin na canzawa sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa. Irin wannan jijjiga na iya gajiyar da ƙarfe har ya tsage. Rage kaurin fenti da rabi yana ninka saurinsa sau huɗu, amma haskensa na raguwa. Dabarar da ta fi tasiri ita ce buɗe wa oksijin hanya: ko a sarrafa fuskar alminiyam da asid da lantarki har ta cika da ƙofofin da ido ba ya gani, ko a gauraya ɗan danƙo da farin garin titaniyam mai yawa. Da haka fenti ke amsawa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. A shekarar 2019 NASA ta shafa irinsa a samfurin rokarta ta SLS, ta ɗauki hotunansa da kyamarori masu tsananin sauri.

Har yanzu da sauran aiki. Zafi na sauya ƙyallin kamar yadda matsi ke yi, dole a ware tasirinsa a lissafi, kuma sinadarin na koɗewa idan ya daɗe cikin haske. A iska marar gudu sosai, irin wadda ke yaye rufin gida, canjin matsin ƙanƙani ne ƙwarai, don haka a gwajin gine-gine ramuka da bututu ne suka fi yawa har yau.